Ruwan zafin ɗakin Inna, daga linta zuwa azumi

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Gini ya kai linta. Ciki da falo ne da banɗaki, a ɗan filin da ya rage bayan gidanmu a nan Gusau, inda da muke ɗaure ragunan layya. Inna za ta dawo wurinmu kafin sanyi ya kankama. Zaman ƙauye ya ƙi, kowa ya san dalili, ga ciwon gwiwa da ke tasar mata duk hunturu har sallah sai a zaune. Ƙanena da ke Kaduna, wanda muke haɗa kuɗin aikin tare, ya yi ƙorafin ba ya jin labarin ginin sai ranar da siminti ya ƙare, shi ya sa na yi alƙawarin rubuta abin da ake ciki lokaci-lokaci.

Yau mai aikin famfo ya zo duba inda zai fasa bango. Ya tsaya a tsakiyar banɗakin ya ce, "Malam, layi ɗaya zan binne ko biyu?" Na ce wane irin biyu kuma? Ya ce na sanyi da na zafi. In akwai niyyar ruwan zafi, yanzu ne lokacinsa, kafin a yi shafe a manna tayil. In aka bari sai an gama, sai dai a fasa abin da aka kashe wa kuɗi, ko a bar bututu yana bin bango kamar ƙadangare. Tun ran gini tun ran zane.

Gaskiya ban taɓa sa wannan a lissafi ba. A cikin gida abin da kowa ke yi muke yi: in akwai wuta a tsoma hita a bokiti, in babu a ɗora tukunya. Hitar nan mai naɗaɗɗen ƙarfe kuwa ta taɓa jan uwargida har sai da ta yar da moɗa, sau biyu kuma tana narka mana bokitin roba. Ba abin da za a bar wa tsohuwa mai tashi alwala ƙarfe huɗu da rabi ba ne. Ga shi muna sa ran haihuwa a Janairu, cikin muku-mukun sanyi, wankan jego na kwana arba'in na tafe.

Na ce ya binne biyu. Abin da zai zuba ruwa a layi na biyun, wannan shi ne aikin da ke gabana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kafin in shiga kasuwa a ruɗe ni da kwalaye masu sheƙi, na zauna da uwargida muka ƙirga bokitai. Wankan Inna safe da yamma, butar alwalarta ta asuba da ta isha, wankan mai jego sau biyu, wankan jariri, yara uku 'yan makaranta, sai ni. Bokitinmu lita 20 ne. In ruwan zafin ya kai digiri 60, na tanki kuma yana kusan 20, rabi da rabi ake sirkawa a samu 40, wanda shi ne daidai jiki. Muka tashi da kusan lita 120 na mai zafin a rana, a ranakun da gida ya cika.

Na koyar da lissafi shekara da shekaru, amma sai yau ya yi mini amfani a banɗaki. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat 1.16 na awa guda. Lita 120 sau digiri 40 sau 1.16, ya ba ni yunit biyar da rabi da ɗoriya kullum, irin yunit ɗin mitar lantarki, wanda kowanne wat 1,000 ne na awa guda. Tun da aka kai yunit naira 225 ga 'yan rukunin A a watan Afrilun bana, ko da an ɗan sassauto daga baya, mutane suka fara kallon mita kamar ma'aunin jini. Mu ba ma cikin wannan rukunin, kuɗinmu bai kai haka ba. Matsalarmu dai wutar ce ba ta san asuba ba.

Ƙanena ya ce a sayi hitar bango mai tanki, lita 50, irin wadda ke gidajen haya na Kaduna, a haɗa ta da inbata. Na auna masa. Ƙarfinta wat 1,500. Ta ɗaga lita 50 daga digiri 18 zuwa 60, yunit 2.4 ke nan, awa ɗaya da minti arba'in tana ja. Batiranmu biyu ne, kowanne bolt 12 amfiya 200, jimilla yunit 4.8 a takarda, kuma irin waɗanda ba a son a zuƙe fiye da rabinsu ne. Wato wanka ɗaya na mutum biyar zai cinye duk abin da muke kunna fitila da fanka da cajin waya da shi har gari ya waye. Ya yi shiru a waya, can ya ce, "Yaya, ashe abin ba wasa ba ne."

Ba na kushe hitar bango. Inda wuta ke zama, ita ce mafi sauƙin sha'ani: a rataye, a haɗa, a manta. Tana riƙe zafi awoyi masu yawa bayan an ɗauke wuta. Sai dai tana son abin da sau da yawa ake tsallakewa a gine-ginenmu, wato sandar tagulla da ake kafawa a ƙasa, da bireka mai yanke wuta nan take in ta fara zurarewa cikin ruwa, da bawul ɗin da ke sakin tururi in matsi ya yi yawa. Na sha ganin an toshe wannan bawul da gangan wai don yana ɗiga.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na zaga shagunan kayan wuta da na famfo. Kowa da abin da yake son ya rabu da shi.

Wani yaro mai bakin ciniki ya nuna mini ƙaramar hita da ake maƙalawa a jikin shaya, ba tanki, ruwa na wucewa yana zafi. Ta burge ni don ba ta cin wuri. Da na juya kwalin sai na ga wat 5,500. A wutar bolt 230, amfiya 24 ke nan, ita kaɗai sai an ja mata waya mai kauri tun daga allon bireka. Janaretanmu ko tari ba zai yi ba zai mutu. Abin da ya fi wannan, wutar unguwarmu in ta zo da dare a raunane take zuwa, fanka na juyi kamar mai jin barci. In bolt ya sauka 180, zafin da hita ke bayarwa ba ya kai kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta. Ga ta da son ruwa mai ƙarfi kafin ta kama, mu kuwa tankin sama muke da shi.

Sai ta gas. Ita kam ba ruwanta da masu ɗauke wuta, kuma tana bayarwa nan take. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kusa yunit 13, don haka buƙatarmu za ta ci rabin kilo da 'yan kai a rana, tukunyar kilo 12.5 ta yi mako uku. Da gas ya haura naira dubu a kilo, wannan kuɗi ne. Amma ba kuɗin ne ya kore ni ba. Mai shagon ya ce a cikin banɗaki ake rataye ta, "kowa haka yake yi, Alhaji." Wuta mai ci a rufaffen banɗaki, da tsohuwa a ciki, an ja ƙofa an toshe taga saboda jaura. Na yi masa godiya na fito. In ma za a yi ta, waje ne mazauninta, da bututun fitar da hayaƙi.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau kwana bakwai rabonmu da ganin wuta ko ta ƙyaftawa. Ba mu kaɗai ba ne, yawancin Arewa haka take. Babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi tun kwanaki, wanda ake ratsowa da shi ta Makurɗi da Jos kuma ya faɗi ranar 21 ga wata. Fetur ya haura naira dubu a lita, janareta sai don sumo ya ɗaga ruwa tanki, minti arba'in a kashe. Masu ƙanƙara sun zama sarakai.

Da ina da sauran shakka, wannan makon ya cire mini ita. Duk abin da zai dogara da wayar da ta shigo daga titi, ba shi zan ɗora wa alwalar Inna ba. Rana kuwa duk kwanakin nan bakwai ba ta yi fashi ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gani ya kori ji. Wani abokin aikina ya kai ni gidan surukinsa a Tudun Wada, wanda ya shekara uku yana amfani da hitar rana. Mun hau tsani mun duba. Ba faifan sola ba ne irin mai ba da lantarki, mutane na yawan haɗa su. Dogayen kwalabe ne na gilashi a jere, baƙaƙe, kowacce ta kusa mita biyu, bakinsu a soke cikin wani tanki da ke kwance a sama. Kowace kwalba biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar filas ɗin shayi. Rana na bugun ta ciki, ruwa ya yi zafi ya yi sama da kansa ya shiga tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Babu inji, babu waya. Na dafa gilashin da tsakar rana, sanyi ƙalau. Maigidan ya buɗe famfo a ƙasa, sai ga tururi.

Na tambayi kaina me zai hana in ƙara faifan sola kawai in kunna hitar bango. Faifai kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka kansa yake mayarwa lantarki, kwalaben nan kuwa rabi ko fiye suke kamawa su mayar zafi kai tsaye. Sai na sayi manyan faifai uku ko huɗu, da inbata mafi girma, kafin in yi abin da kwalba ashirin za su yi.

Dattijon bai ɓoye mini aibinta ba. Ya ce ran da hazo ya sauka sosai, ruwan ɗumi kawai za ka samu. Ƙura kuma in ta kwanta kan gilashi sai an wanke. Sannan ya nuna mini tabon ƙuna a hannun jikansa, ya ce da bazara ruwan tafasa yake yi.

Na dawo gida da matsala biyu. Ta farko nauyi: mai kwalba 20 lita 200 take ci, ruwan kaɗai kilo 200, ban da tanki da ƙarafa. Rufin kwano da katakon da kafinta ya tanada ba za su ɗauka ba. Mun yanke za a zuba dakin, wato rufin kankare, a kan banɗakin kawai, a ajiye ta a can. Ta biyu tsayi. Irin wadda kuɗinmu zai kai ba ta da matsi, gangarowa ruwan ke yi, kuma tankin gida ne zai riƙa cika ta, don haka dole gindinsa ya fi kanta tsayi. Na auna da igiya: gindin tankinmu mita huɗu da rabi, kan hitar zai kai kusan biyar. Mai walda ya ce zai ƙara wa hasumiyar mita ɗaya da rabi. Kuɗin da ba a sa a lissafi ba, na farko.

Kada wanda ya karanta wannan ya sa ran shaya mai dukan baya. Mita goma na tsayi ne ke ba da matsin ruwa na 'bar' ɗaya, kamar yadda masu famfo ke aunawa, mu kuwa tsakanin tankin zafi da kan shaya bai fi mita biyu ba. Inna dai da bokiti da kujera 'yar tsugune take wanka, ba ta da asara.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na kawo Inna ta ga ɗakin kafin a rufa. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ɗaga kai ta dubi katakon rufi ta ce, "Kai wanga, kwano za ku aza? Ɗakin kwano ai da rana tanda, da dare randa."

Ta gama maganar injiniyoyi a jimla ɗaya. Ɗakinta na ƙauye ginin ƙasa ne mai kauri, rufin azara da ƙasa, yana shan zafin rana a hankali ya riƙa sakinsa cikin dare. Bulon siminti mai rami da kwano ba su da wannan haƙurin. Ina ta lissafin na'urar ɗumama ɗaki, wata mai a ciki kamar haƙarƙari, wat 2,000, wadda ta fi hitar ruwan ma ci, alhali zafin da zan saya ta sama zai tsere. Na soke ta daga takarda. Kuɗinta zai tafi ga jikin ɗakin.

Abin da muka yi: silin na POP maimakon na roba, an shimfiɗa takardar nan mai sheƙi a ƙarƙashin kwano, an toshe duk inda bango ya haɗu da rufi don kada iska ta riƙa zagayawa a sama. Jaura daga arewa maso gabas take busowa, sai na sa magini ya rage tagar wannan ɓangaren, babbar ta koma kudu inda ranar hunturu ke shigowa da hantsi. Taga mai gilasai jeri-jeri da ake dannawa na ƙi ta, ko an rufe ta ƙura da sanyi sai sun sami hanya. Mun sa mai murfi da roba a baki. Tayil a uwar ɗaki na so in fasa, uwargida ta ce saboda shara a bar shi, a shimfiɗa kafet mai kauri. Ita ta yi nasara.

Abu ɗaya na dage a kai, magini yana ta mamaki: bulo biyu masu huji can sama kusa da silin, da raga, waɗanda ba a iya rufewa. Na san Inna, na kuma san me za ta nema in sanyi ya yi sanyi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kaya sun iso daga Kano, ta Funtuwa da Tsafe, a bayan motar da ta ɗauko buhunan fulawa. Kwalba biyu sun fashe. Ta uku lafiyarta lau a ido, amma gindinta ya yi fari kamar an shafa alli. Mai lafiya gindinta azurfa-azurfa ne kamar madubi, in ya koma fari to iska ta shiga, ta tashi aiki. Allah ya sa dattijon Tudun Wada ya ce in sayi huɗu na ajiya. Saura ɗaya.

Asabar, 7 ga Disamba

An ɗora. Mun fara tun bayan sallar asuba saboda ka'idar da aka ja mini kunne a kanta: kwalbar da ta sha rana babu ruwa a ciki tana yin zafin da ya wuce na tafasa nesa ba kusa ba, in ruwan sanyi ya taɓa ta sai ta tarwatse. Don haka a kwali muka bar su a inuwa, aka kafa ƙarafa da tanki, aka shafa wa bakin kowacce ruwan sabulu aka murɗa ta cikin robarta, aka cika kafin rana ta ɗaga.

Mun ɗan yi gardama da mai walda kan fuskar da za ta kalla. Shi gabas yake so, wai can rana ke fitowa. Na ce kudu. Gusau tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a watan Disamba rana ko da azahar ba ta zuwa tsakar ka, tana karkace ta kudu, tsayinta kusan digiri 55. Ya ce shi bai san kudu a saman dakin ba. Na ce ya fuskanci alƙibla ya miƙa hannun dama, ya ɗan ƙara kaɗan. Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ka yi Hausa, Malam."

Ya kuma so ya yanke ƙafafun baya don ta kwanta sosai, kamar yadda ake kwantar da faifan sola a nan. Na hana. Tsayuwar da ta zo da ita, kusan digiri 35, ita ce daidai da ranar hunturu, lokacin da muke buƙatarta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana na bi ta tsakar ka har ta ɗan leƙa arewa, a lokacin gara ma kada ta kama da yawa.

A jikin tankin akwai ramin da ake sa hitar lantarki ta taimako, wat 1,500. An sa, amma na tsaya a kan mai wayarin sai da ya ja ta daga layin titi kaɗai, da makunninta daban, ba ta taɓa inbata ba. Ya kafa sandar ƙasa a bayan banɗaki inda ke da danshi.

La'asar na tara kofi a famfo. Ban iya riƙe shi ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kuɗin da ba a sa a lissafi ba, na biyu. A cikin bango koren bututu aka binne, PPR, wanda ake haɗawa da injin narkawa, da idona na gani. Amma daga tanki zuwa inda ya shiga bango, mita huɗu, ashe koren ya ƙare wa mai famfo, sai ya ƙarasa da farin PVC na ruwan sanyi bai faɗa ba. Shi kuwa farin daga digiri 60 yake fara saki. Kwana takwas ya yi laushi ya lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, gam ɗin gwiwar ya buɗe, muka wayi gari tanki ya zube rabi a bango. Na rufe kwalabe da tabarmi kafin rana ta fito, na kira shi. Bai yi musu ba. Ya ce, "Na ɗauka ba zai yi zafi haka ba." Ya sake, ni na sayi bututu, shi ya yafe kuɗin hannu. Wannan karon an naɗe shi da baƙin soson da masu gyaran AC ke sa wa bututunsu, don kada zafin ya ƙare a hanya cikin dare.

Juma'a, 27 ga Disamba

Inna ta tare tun ranar Lahadi. Ruwan ya karɓe ta. Ƙarfe biyar na asuba, bayan ya kwana a tanki, sai ta sirka kafin ta iya alwala da shi. Lita biyu na farko masu sanyi ne, waɗanda suka kwana a bututu, ta ajiye buta tana tarewa don ba ta yarda a zubar da ruwa.

Daren Laraba sanyi ya sauko na gaske. Ma'aunin da na rataye a baranda ya nuna 13 da asuba, na cikin ɗakinta 21. Duk da haka wajen ƙarfe goma na dare na ga babbar 'yata ta nufi ɗakin da kasko, garwashi jajir. Na tare ta a ƙofa. Inna ta jiyo mu.

"Mi an nan kuma? Bar ta ta shigo da shi."

Na ce Inna, a yi haƙuri, ban da kasko a rufaffen ɗaki.

"Mu da munka tashi da kasko tun ba a haife ka ba? Ai ya nuna, babu hayaƙi ko kaɗan."

Nan ne inda mutane ke halaka. Hayaƙin da ido ke gani, mai sa tari da hawaye, shi ne mai gargaɗi. Garwashin da ya nuna yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Jini ya fi son ta sau fiye da 200 a kan iskar da muke rayuwa da ita, in ta samu shiga sai ta kama wurin ta zauna. Mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Wanda ya tsira shi ne mai tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a ce sanyi ne ya kama shi. Na ce mata ɗakinta na ƙauye ƙofar kara ce da asabari, iska na shiga ta ko'ina. Wannan kuwa ni da kaina na bi duk wata kafa na toshe. Hujin nan biyu na sama don numfashi na bar su, ba za su iya da kasko ba.

Ta yi shiru irin na wadda ba ta yarda ba amma ba ta son ja-in-ja da ɗa a gaban jika. Muka yi sulhu. Kasko na nan, amma a baranda, daga magariba zuwa isha, ta gasa gwiwoyinta ana hira, yara na gasa gyaɗa. In za ta kwanta a fitar da shi tsakar gida a kashe. A madadinsa na sayo robar ruwan zafi guda biyu a kantin magani, ana cika su daga famfonta, a naɗe da tsohon zane, ɗaya a ƙafa ɗaya a gwiwa, a ja bargo. Jiya da safe na tambaye ta yaya dare. Ta ce, "Wagga roba taku ba ta hira, amma tana aiki."

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Allah ya sauki uwargida lafiya ranar tara ga wata, mace. An yi suna shekaranjiya.

Sai ga hazo ya zo ya zauna kwana huɗu, rana kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Ruwan bai wuce ɗumi ba, ga gida cike da baƙi kowa na murɗa famfo. Wuta ta zo sau ɗaya cikin dare na kunna ta taimakon, awa biyu aka ɗauke. Na hau na wanke kwalaben da asuba, ƙurar da ta sauko ja ce kamar an kwaɓa kunun kanwa. Yanzu duk kwana uku nake hawa. Wanda zai sa irin wannan ya tanadi tsani na dindindin, kada ya zama mai aron na maƙwabta kamar ni.

Surukata, Hajiya, ita ke kula da wankan jego, kuma tun ranar farko ta ce ruwan rana ba ya shiga jiki, sai wanda ya ga wuta. Ban yi gardama ba, ba hurumina ba ne. Abin da aka yi shi ne ana tarar mai zafin daga famfon Inna a juye a babbar tukunya da ganyen darbejiya, a ƙarasa shi a murhu. Itacen da aka saya na kwana arba'in, da alama zai kai mu bayan salla. A haihuwar baya kafin a yi sati uku an sake saye.

Abin da na sa baki a kai ɗaya ne, shi ma ta bakin ma'aikaciyar asibiti da ta sallame su. Ta ce ruwa ya zama mai ɗumi sosai amma ba mai salar fata ba, a kuma rage kanwa a kunu. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da zafin da ya wuce kima da yawan kanwa. Na faɗa wa uwargida, ita ta san yadda ta isar wa Hajiya. Ni dai daga nesa na ga an fara sirkawa.

Asabar, 8 ga Maris

Takwas ga azumi. Sanyi ya tafi ba sallama. Yanzu matsalar ta juye: babu mai son ruwan zafi sai masu wanke-wanken kwanukan buɗa-baki, tanki kuwa tun azahar yake kuka, tururi na fita ta bututun numfashinsa na sama. Na rufe kwalba goma sha biyu da buhunan shinkafa na ɗaure da waya, takwas sun isa.

Ranar Talata autan maza ya murɗa famfon zafi na banɗakin Inna, Allah ya tsare ƙafarsa kawai ya fantsamar wa. Ruwa mai digiri 60 ma cikin 'yan daƙiƙu yake sale fatar yaro, wannan kuwa ya wuce haka. Na cire kan famfon na ba Inna, ta ɗaure shi a bakin zanenta tare da makullin akwati. Bawul mai sirka ruwa da kansa na nema a nan ban samu ba, ƙanena ya ce ya ga irinsa a Kaduna, zai taho da shi in ya zo salla. Mai famfo na shakkar ko zai yi aiki da ruwa marar ƙarfi irin namu, sai an gwada.

Ruwan burtsatsenmu yana barin farin dutse a gindin buta, don haka bayan salla zan zare kwalba ɗaya da asuba in leƙa cikinta in ga abin da wata huɗu suka tara. Ta ajiyar guda ɗaya tana ƙarƙashin gadon Inna, a naɗe cikin tsohon bargo.